Takunkumin Nijar da aikin gidan Rabi: wace mazhaba ce ta faɗi gaskiya?

Rabi A.: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema. Ina aji uku a sashen kimiyyar siyasa, an ba mu aikin gida a darasin hulɗar ƙasa da ƙasa: mu ɗauki rikicin ECOWAS da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mu faɗi mazhabar da ta fi bayyana abin da ya faru. Na cika shafi huɗu a kan riyalizim, wato mazhabar da ke cewa duniya ba ta da sarki, kowace ƙasa kanta ta sani, kuma mai ƙarfi shi ke da magana. Da na sake karantawa sai na ga ni kaina ban gamsu ba. Najeriya ta fi Nijar sojoji, ta fi ta kuɗi, ta fi ta jama'a, wutar lantarki ma ita ke ba ta. ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba sojojin Nijar wa'adin kwana bakwai ranar 30 ga Yuli su mayar da Shugaba Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi, ya cika, ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Ƙarshe Nijar ce ma ta tattara nata ya nata ta fice daga ƙungiyar. To ina ƙarfin ya tafi? Ranar Litinin zan miƙa.

Auwal Sabon Titi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye littattafan Turawan nan. Amsar layi ɗaya ce: Faransa ta aiko ECOWAS, talakawa suka ce ba su yarda ba. Ki rubuta haka ki je ki huta.

Barista Hadiza: Auwal, in ta rubuta haka sifili za a ba ta, kuma ba a zalunce ta ba.

Auwal Sabon Titi: Saboda malaman ma karatun Faransa da Ingila suka yi.

Malam Sabo mai ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Shekara da shekaru na koyar da wannan darasi, kuma tambayarki ta fi amsoshin da yawancin ɗalibai ke kawowa. Amma bari in fara da kare mazhabar da kike shirin saki, don kin ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Manyan masanan riyalizim, Morgenthau a 1948 da Waltz a 1979, ba su ce babba kullum sai ya doke ƙarami ba. Abin da suka ce shi ne babu wata hukuma a saman ƙasashe da za a kai wa ƙara ta tilasta hukunci, don haka kowace ƙasa lissafi take yi: me zan samu, me zan rasa, wa zai taya ni, wa zai taya abokin gabata. To yi lissafin da kanki. Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Najeriya girman ƙasa. Bazoum yana hannun waɗanda za a je yaƙa, cikin fadar da suke gadi, ke nan harbin farko na iya zama ajalin mutumin da aka je ceto. Ranar 31 ga Yuli Mali da Burkina Faso suka fitar da sanarwa cewa duk wanda ya taɓa Nijar ya ayyana yaƙi a kansu. Aljeriya ta ce ba ta goyon bayan amfani da soja. Sojojin Najeriya kuma suna can a warwatse, wasu a Borno, wasu a dazukan Zamfara da Katsina. Ɗan riyalizim zai ce miki: ai ga amsarki nan, an auna, an ga asarar ta fi riba, an fasa. Ƙarfin da ba za ka iya kai shi inda ake buƙatarsa ba, ajiya ce kawai.

Ki kwatanta da Gambiya a Janairun 2017. Ƙasa ce siririya a cikin cikin Sanagal, sojojinta kaɗan, shugabanta Jammeh, da ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, ba shi da maƙwabcin da zai tsaya masa. Sojoji suka tsallaka, kwana biyu ya hau jirgi. Ƙungiya ɗaya, doka ɗaya, sakamako daban. Me ya bambanta su in ba lissafin ƙarfi ba?

Rabi A.: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ke nan in bar shafukan nawa yadda suke?

Malam Sabo mai ritaya: A'a. Na kare ta ne don ki san inda za ki soke ta. Ki jira sauran su yi magana.

Barista Hadiza: Malam, da izininka, akwai abin da lissafin nan bai taɓo ba. In ƙarfi da riba ne kaɗai, me ya kai ECOWAS ba da wa'adin tun farko? Wace riba Najeriya za ta ci daga mayar da Bazoum? Ba ƙasa take nema ba, ba ma'adini ba. Dalilin a rubuce yake. A 2001 a Dakar ƙasashen suka amince da ƙarin yarjejeniya kan dimokuraɗiyya da shugabanci nagari, wadda ta ce ba za a lamunci karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba. Tarayyar Afirka ma tana da irin wannan tun taron Lome na 2000. Nijar na cikin waɗanda suka shiga. Wannan shi ne abin da 'yan libaralizim ke faɗa: ƙasashe kan ɗaure kansu da ƙa'idoji da ƙungiyoyi, kuma ɗaurin yana canza halinsu. Ba don takardar nan ba, da shugabannin sun yi Allah wadai a rediyo sun koma harkarsu, kamar yadda ake yi a shekarun 1970 da 1980 lokacin da rabin masu zaman taron ma da kaki suka zo.

Rabi, ki tuna waɗanda suka yi ɗawainiyar kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, Gowon da Eyadema, dukansu sojoji ne. Daga nan zuwa ƙungiyar da ke rufe iyaka saboda juyin mulki, tafiya ce mai nisa, kuma ƙa'ida ce ta yi ta, ba bindiga ba.

Auwal Sabon Titi: Ƙa'ida! Barista, ina ƙa'idar take a 2020 lokacin da Alpha Conde ya sauya tsarin mulkin Gini ya zarce karo na uku? Ina take da Ouattara ya yi nasa a shekarar? Gidan Eyadema suna kan Togo tun 1967. Wa ya yanke musu wuta? Juyin mulkin biro halal ne, na bindiga haram?

Barista Hadiza: Wannan kam ka faɗi gaskiya, kuma zan ƙara maka. A 2015 an kawo shawarar a taƙaita wa'adin shugabanni zuwa biyu a duk ƙasashen ƙungiyar, Togo da Gambiya suka ƙi, aka bar maganar. Wannan tabo ne babba. Amma rashin hukunta ɓarawo ɗaya bai wanke na biyu ba. Kotun ECOWAS a Disambar 2023 ta ce tsare Bazoum haramun ne, a sake shi. Mutum da matarsa a kulle ba shari'a, wannan ba ya zama daidai don Conde ya zarce.

Auwal Sabon Titi: An sake shi da kotun ta faɗa?

Barista Hadiza: Ba a sake shi ba.

Auwal Sabon Titi: To kin ga takardarki.

Lawali Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ban yi karatun wanga fanni ba, malamin makarantar firamare ne, amma takunkumin a kaina ya sauka, don haka ku bari in sa baki. Da anka yi juyin mulki, a unguwarmu mutane kashi biyu ne. Akwai masu murna, akwai masu cewa sojoji sun sake maida mu baya, akwai ma da yawa da ba ruwansu. Sai anka ɗauke wuta. Kun san mafi yawan wutar da muke sha, wajen kashi 70 cikin 100, daga Najeriya take zuwa a lokacin. Mai injin niƙa ya tsaya, mai walda ya tsaya, mai saida ruwan sanyi ya tsaya. Shinkafa ta hau, magani ya yi wuya, don motocin da ke tahowa daga tashar Kwatano sun maƙale a bakin gadar Malanbil. Mahaifiyata na shan maganin ciwon suga, sai da munka riƙa aika yaro ta hanyar daji shi samo mata.

Wallahi maƙwabcina da ya zaɓi Bazoum, ya yi mashi yawon kamfe, shi ne na gani yana zagin CEDEAO, wato ECOWAS, ya fi kowa. Ba don ya so Janar Tiani da ya yi juyin mulkin ba. Cewa yake: ni na yi juyin mulkin? Janar ɗin yana da janareta. Waɗanda sunka tsara takunkumin sun zaci in mun ji wuya za mu taso wa sojoji. Mun ji wuya, amma fushin wajen wanda ya kashe wutar ya nufa.

Nura mai digiri na biyu: Malam Lawali, abin da ka faɗa masana sun daɗe suna gardama a kai. Akwai wani babban bincike na wasu Amurkawa uku, Hufbauer da Schott da Elliott, da suka tattara takunkumi 115 suka ce wajen kashi ɗaya cikin uku ya yi nasara. A 1997 Robert Pape ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya ya ce biyar kaɗai ya yarda da su, sauran ko dai soja ne ya gama aikin, ko kuma ba abin da aka nema aka samu ba. Kuma inda takunkumi ya fi faɗuwa shi ne inda aka ce wa mai mulki ya sauka. Za ka iya matsa wa mutum ya rage haraji ko ya saki fursuna. Amma ka ce wa sojan da ya san in ya sauka kurkuku zai tafi, ko abin da ya fi kurkuku, ya sauka don gero ya yi tsada? Rabi, ki sa wannan. ECOWAS ma ta gwada a Mali daga Janairu zuwa Yulin 2022, shugaban mulkin sojan ƙasar, Goita, bai sauka ba.

Alhaji Ɗahiru Maigatari: Jama'a ku yi haƙuri, jikana ke rubuta mini. Tun ɗazu ana cewa Najeriya ta yi kaza, Nijar ta yi kaza, kamar wasu mata biyu a gida ɗaya. Wace Najeriyar? Ni ɗan Najeriya ne, dillalin dabbobi, shekarata talatin da wani abu a kara. Da aka rufe boda ni aka rufe. Yawancin shanu da raƙuma da tumakin da ke cika kasuwarmu daga can suke shigowa, su kuma su sayi hatsi da kayan masarufi su koma. Akwai mutanena na wajen Damagaram da nake bi kuɗi, akwai waɗanda suke bi na, duk aka tsaya ana kallon juna. Matata ta biyu 'yar can ce. Rasuwa aka yi musu a lokacin, sai a kan babur ta ratsa gonaki ta je gaisuwa, kamar mai fasa-ƙwauri.

Kuma kada a manta wannan ya zo ne wata biyu bayan cire tallafin mai, mutane ba su gama farfaɗowa ba. Mun sha rufewar Buhari daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, mun san ɗanɗanonta. Da aka fara maganar yaƙi kuwa, a masallacinmu alƙunutu aka shiga yi. Bam ɗin da za a jefa can, a kan surukaina zai faɗa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Malam Sabo mai ritaya: Alhaji, Allah ya saka da alheri. Rabi, ga inda nake jira a zo. Karanta tambayar Alhaji sau uku: wace Najeriyar?

Riyalizim, musamman irin na Waltz, yana ɗaukar ƙasa kamar dutse guda, ba ruwansa da abin da ke cikinta. Yana yin haka da gangan don lissafi ya yi sauƙi, kuma a kan Amurka da Tarayyar Sobiyat lokacin yaƙin cacar baka ya yi amfani. Amma dubi abin da ya faru a Abuja cikin mako guda. Tinubu, yana shugaban ECOWAS, ya aika wa Majalisar Dattawa takarda kan shirin amfani da soja a Nijar. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Ranar 5 ga Agusta, ana gobe wa'adi zai cika, majalisar ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Jihohi bakwai ke kan wannan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe, Borno. Shugaban da bai kai wata uku a kan kujera ba, ƙarar zaɓensa tana kotu, kuma ƙuri'un Arewa ne suka ɗauke shi, zai buɗe wuta a ƙofar gidan waɗannan mutane?

Robert Putnam ya yi wa wannan bayani a 1988. Ya ce shugaba a kan faifai biyu yake wasa lokaci guda, ɗaya da takwarorinsa na waje, ɗaya da mutanen gida, kuma duk abin da ya amsa a waje sai gida ta iya haɗiye shi. A taron 10 ga Agusta an ce a tayar da rundunar ko-ta-kwana. A faifan waje an yi magana da ƙarfi. A faifan gida an riga an ɗaure hannun mai maganar.

Sannan ki duba su wa suka iya shiga Yamai. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ba ta samu ganin Tiani ba. Wanda ya fara zama da shi daga wannan ɓangare Sanusi Lamido Sanusi ne, tare da Sarkin Damagaram, alhali ba ya riƙe da muƙamin gwamnati. Bayansa tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Sai daga baya aka buɗe wa Abdulsalami ƙofa har ya ga Bazoum. Rawani da malanta sun shiga inda takardar ƙungiya ta kasa. Nemo mini wannan a littafin Waltz.

Rabi A.: Malam, wallahi na ji kamar an kunna mini fitila. Amma ɓangaren su Tiani fa? Su ma faifai biyu ne?

Malam Sabo mai ritaya: Su nasu ya fi sauƙin karantawa. Akwai wani masani, Steven David, da ya rubuta a 1991 cewa a ƙasashe irin namu shugaba yakan zaɓi abokin ƙawance ne ba don abin da zai tsare ƙasa ba, sai don abin da zai tsare kujerarsa, domin wanda zai kashe shi ya fi kusa a barikin gida fiye da ƙetaren iyaka. Da wannan ido ki kalli yarjejeniyar Liptako-Gurma ta 16 ga Satumban 2023 da ta haifi AES, ƙawancen Mali da Burkina Faso da Nijar. Sojoji uku da suka hau ta hanya ɗaya sun yi alkawarin kare juna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Kuma don adalci, ki juya madubin: shugabannin farar hula da suka taru a Abuja su ma gemunsu suke shafa wa ruwa. Juyin mulki a Mali sau biyu, Gini, Burkina sau biyu, ga Nijar. Kowa yana kallon mai gadinsa.

Auwal Sabon Titi: Malam, da girmanka, ka mayar da komai son kujera. Sojojin Faransa sun fita daga Nijar kafin ƙarshen 2023. Amurkawa sun bar sansaninsu na Agadas a 2024. Sama da shekara hamsin ana kwasar yuraniyom a Arlit, garuruwan Nijar suna cikin duhu. Wannan ba 'yanci ba ne? Wane farar hula ne ya taɓa iya wannan?

Lawali Maraɗi: Auwal, ficewar Faransa ta yi mani daɗi, ba zan ɓoye ba, ranar har shayi munka dafa. Amma kai kana Kano kana yi muna murna. Har yanzu sefa muke kashewa, ba mu fita daga ƙungiyar kuɗin ba. Rashawa sun iso a watan Afrilun 2024. Mutanen Tilaberi ba su samu barci ba. Jam'iyyu an rufe su. Ina iya son a kori baƙo kuma in tambayi ɗan gida ina ya kai mu.

Auwal Sabon Titi: Gina ƙasa ba kwana ɗaya ba ne.

Lawali Maraɗi: Haka waɗanda sunka gabace su sunka ce muna.

Mai kula da zaure: Jama'a a yi a hankali. Kuma wanda ya turo tallan turaren wuta a tsakiyar muhawara, na goge, ranar Juma'a ake talla.

Ustaz Bashir: Ni abin da ke damuna daban ne. 'Yarmu ta lissafo mazhabobi, Malam ya lissafo masana, ban ji sunan kowa namu ba. Kullum a fara da yarjejeniyar Wasfaliya ta 1648, a ce daga nan aka san ƙasa mai cin gashin kanta. Mu kafin nan a daji muke? Mai Idris Alauma na Borno ya yi musayar jakadu da Daular Usmaniyya ta Turkiyya tun ƙarni na 16. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi suka yi wa juna suna nan a Infaƙul Maisuri, gardama ce kan abin da ya halatta wata daula ta yaƙi maƙwabciyarta Musulma. Al-Kanemi yana tambaya da wace hujja kuke yaƙar mu, Bello yana amsawa. Wannan ba ita ce tambayar 2023 ba? Yaushe ya halatta ka shiga gidan wani don gyara masa mulki? Me ya sa ba a koyar da wannan?

Malam Sabo mai ritaya: Ustaz, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Fannin nan a matsayin darasin jami'a an fara shi ne a 1919 a Aberystwyth ta ƙasar Wales, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da tambaya ɗaya: yaya za a hana Turai sake ƙone kanta? Don haka tambayoyinsa na Turai ne, misalansa na Turai. Ali Mazrui tun 1967 yake tambayar wa zai tsare zaman lafiya a Afirka bayan tafiyar Turawa. Ana ambatonsa a mako na ƙarshe, lokacin da ɗalibai sun riga sun tafi karatun jarrabawa. Ni ma na yi wannan laifi, na koyar da Atina da Sparta shekaru kafin in taɓa kawo wasiƙun Bello aji.

Amma ina da gargaɗi. Kada mu gudu daga tatsuniyar Turawa mu faɗa tamu.

Auwal Sabon Titi: Wace tatsuniya? Kowa ya san ƙasa ɗaya muke, Bature ya zo da rula ya raba.

Lawali Maraɗi: A nan kam sai in yi dariya. Auwal, ka san yadda anka kafa Maraɗi? Sarakunan Katsina na Haɓe ne da jihadi ya kora sunka komo nan, Gobirawa kuma sunka zauna Tsibiri. Shekaru da dama kakanninmu na kai hari ƙasar Katsina da Zamfara, ana kawo masu. Har gobe sarkinmu Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mashi. Damagaram kuma ta Barno ce a da, kuma ta yi yaƙi da Kano. Da Ingilishi da Faransawa sunka zauna rabo, sun fara da layin Sayi zuwa Barwa a 1890, sunka yi ta gyara shi har 1906, kuma a wajenmu layin ya bi kusan inda ikon Sakkwato ya tsaya. Jini ɗaya ne, harshe ɗaya, wannan gaskiya. Amma sarauta ɗaya, a'a.

Ustaz Bashir: Wannan haka yake, ba musu.

Malam Sabo mai ritaya: Malam Lawali ya gama mini aikin. Rabi, ga mazhaba ta uku da malaminki zai so ya ga kin sani, ta su Alexander Wendt, wadda sunanta ke karya harshe, kwanstiraktibizim. Cewa suke gaba da zumunci tsakanin ƙasashe ba halitta ba ne, mutane ke gina su da hulɗa, kuma suna iya rushewa. Maraɗi da Katsina da suka yi ƙarni guda suna zubar da jinin juna, yau su ne ake shimfiɗa wa layin dogo daga Kano, su ne kuma suka ce yaƙi tsakaninsu ba zai yiwu ba. Harshen bai canza ba, ma'anar maƙwabcin ce ta canza. Kuma masu mulki sun san darajar wannan. Da Tiani ya tashi zargin gwamnatin Najeriya da haɗa baki da Faransa a Disambar 2024, zargin da Abuja ta musanta, da Hausa ya yi hirar. Kina ganin mutanen Yamai kaɗai yake so su ji?

Nura mai digiri na biyu: Malam, ina da ja kaɗan. In muka ce riyalizim ya bayyana fasa yaƙi, libaralizim ya bayyana wa'adi, Putnam ya bayyana majalisa, Wendt ya bayyana zumunci, ai mun zama masu maganin gargajiya, kowace cuta da ƙullinta. Mazhabar da sai an gama abu take bayyana shi, me ta amfana? Wa ya hango ficewar Nijar da Mali da Burkina daga ECOWAS tun kafin su sanar ranar 28 ga Janairun 2024?

Malam Sabo mai ritaya: Kaɗan ne, kuma ba na cikinsu. Na zaci barazana ce ta neman a ɗage takunkumi. An ɗage ranar 24 ga Fabrairu, ko wata guda ba a yi ba, Najeriya ta buɗe iyaka ta mayar da wuta a Maris, amma ba su dawo ba. Suka ƙulla tarayya a Yamai ranar 6 ga Yuli, shekara ta cika ranar 29 ga Janairun 2025 kamar yadda dokar ƙungiyar ta tanada, suka fita. Na yi kuskure ne don na yi musu lissafin ƙasa: ƙasa uku marasa teku ba za su bar ƙungiyar masu tashar jiragen ruwa ba. Da na yi musu lissafin kujera, da na gane cewa zama a ciki yana nufin kullum a riƙa tambayarsu ranar zaɓe. Don haka ba duka ƙullin ne daidai ba, Nura. Wani ya fi wani aiki a nan.

Barista Hadiza: Amma a lura, sun fita daga ƙa'idar zaɓe, ba su fita daga ta zirga-zirga ba. Su sun ce 'yan ECOWAS su shigo ba biza, ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfonsu da kayansu har sai an sake shawara. Yarjejeniyar 1979 ta walwalar jama'a ta fi ƙarfin fushin kowa. Ni dai ban sauka daga kan takardata ba.

Alhaji Ɗahiru Maigatari: Barista, mu tun kafin 1979 muke wucewa. Abin da nake so a tambayar mini masu ilimi shi ne shingayen da ke kan hanya, kowanne da hannu a miƙe, wace mazhaba ce ta kawo su.

Auwal Sabon Titi: Alhaji wannan mazhabar ta fi duk sauran mabiya.

Rabi A.: Na gode ƙwarai iyayena. Ga abin da zan yi, a gyara mini in na karkace. Zan bar riyalizim a farko in nuna abin da ya iya bayyanawa, da misalin Gambiya. Sannan in ce ya gaza a wuri ɗaya: ya ɗauka Najeriya murya ɗaya ce, Nijar murya ɗaya. Hujjata ita ce rikicin an yanke shi ne a cikin gida, majalisa da masallatai da kasuwannin iyaka a wannan ɓangare, tsoron rasa kujera a wancan. Zan buɗe da wasiƙun Bello da al-Kanemi. Tsorona kawai, malaminmu ya ce a zaɓi mazhaba ɗaya cikin ukun da ya koyar, kuma ba ya son a fita daga abin da ya ba mu a takarda.

Malam Sabo mai ritaya: To ki zaɓi riyalizim a kanun, ki yi masa adalci shafi biyu, sauran shafukan ki nuna iyakarsa. Babu malamin da zai ce ba ki amsa tambaya ba. Wasiƙun kuma kada ki ambace su daga abin da kika ji a nan, je ki ɗakin karatu ki gani da idonki, akwai fassara. Kuma cire maganar "masallatai" in ba ki da abin da za ki jingina ta a kai ban da Alhaji.

Alhaji Ɗahiru Maigatari: Ta sa sunana, ni na ji alƙunutun da kunnena.

Barista Hadiza: Rabi, turo mini ta akwatin sirri kafin Lahadi in duba miki kwanakin wata. Sakin layi ɗaya dai ki ba yarjejeniyar 2001, kada su Malam su cinye ta.

Auwal Sabon Titi: Ni har yanzu ban ga inda aka sa Faransa a aikin nan ba.

Rabi A.: Yaya Auwal, shafi shida aka ce kada a wuce. Amma turo mini abin da kake da shi a kan yuraniyom ɗin, in da shekaru da adadi, zan nema masa wuri.

Auwal Sabon Titi: Bari in duba, wani bidiyo ne na gani.

Lawali Maraɗi: An ɗauke wuta, caji na shirin ƙarewa. Wannan karon dai ba ku ba ne. Sai da safe.